Kiɗan Ƙwarya Ba Na Jahilai Ba Ne

'Yan uwana mata, lokacin da nake makarantar kwana, a can ƙasan akwati nake ɓoye kaset ɗin Barmani Choge, don kada a ce mini baƙauyiya. A wurinmu, mai ƙwaƙwalwa ita ce mai jin waƙar Turawa ko ta Indiya. Sai da na girma na gane ba basira na rasa ba, yarda da kaina ce ba ni da ita.

Ku dubi tarihi mana. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Amma da ta tashi ilmantar da matan karkara, waƙoƙi ta ba malamanta mata, waɗanda ake kira jaji, suka haddace suka koya wa 'yan taru.

Ita kuwa Barmani ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, amada ta riƙe, wato kiɗan ƙwarya na mata a gidan biki da suna. Da shi ta dinga zaburar da matan aure su kama sana'a komai ƙanƙantarta, su daina miƙa wa maigida hannu kullum. Yo wannan aikin marar hankali ne?

Don haka kada ki raina kanki, kada ki raina kishiya ko uwar miji saboda waƙar da take so. Ki saurari abin da waƙar take faɗa tukuna. Allah Ya sa mu gane, amin.