Habiyas kofus

habiyas kofus (suna, namiji, daga Latin) Umarnin alƙali ga mai tsare da mutum, cewa ya kawo shi kotu ya faɗi hujjar tsare shi, in babu hujja, a sallame shi. Majalisar Ingila ta ƙarfafa shi da dokar 1679.

A Amurka, dokar 1996 ta bai wa fursunan jiha shekara 1 tak ya kai ƙorafinsa na habiyas kofus kotun tarayya, daga ranar da hukuncinsa ya tabbata, kuma sai ya gama da kotunan jiharsa tukuna. Lissafin yakan tsaya muddin ƙorafin bayan hukunci na gaban kotun jiha. Wa'adin ya yi wa fursuna marar lauya tsauri ƙwarai: jinkirin kwana guda kan sa a kori ƙara.

Misali: Lauyarsa ta nemi habiyas kofus jiya.