Yadda Muka Karɓo Takardar Gidan Inna

'Yan uwa da suka shigo ƙungiya daga baya sun tarar da injin matsar gyaɗa yana aiki, har wasu na zaton gwamnati ce ta ba mu. A'a, bashin banki muka ci muka saye shi. Kuma tun da a lokacin ƙungiya ba ta da ko taku ɗaya na fili, ma'ajinmu ta farko, wadda kowa ke kira Inna, Allah ya jiƙanta, ita ta kawo takardar gidanta aka ajiye jingina.

Muna biya wata-wata, sai ga dokar Babban Bankin Nijeriya, wadda ta ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Namu aka haɗe shi da wasu, aka rufe reshen da muke zuwa. Mun je sabon wurin sau biyu aka ce ba a ga fayil ɗinmu ba, sai muka daina zuwa. Mu faɗi gaskiya, shirun ya yi mana daɗi. Mun ɗauka bashi ya bi ruwa.

Bayan shekaru, wasiƙa ta zo daga wani kamfanin karɓo bashi da bankin ya ɗauka. Da kuɗin ruwa da tarar jinkiri, kuɗin sun kusa ninka abin da muka ranta sau uku. A ƙasa aka rubuta cewa za a sa gidan jingina a kasuwa. Ranar a taro babu wadda ta taɓa kunun da aka dama. Wasu suka ce mu yi shiru kamar da, wasu suka zare jiki daga ƙungiyar, ba mu sake ganinsu ba sai da ƙura ta lafa.

Zama uku muka yi da wakilin kamfanin. A na farko ba mu yi tayi ba. Muka ce ya kawo takardar da ke nuna bankin ne ya aiko shi, da cikakken bayanin asusu. Da ya kawo, Inna ta sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Duk rasit ɗin da aka taɓa ba ta na ciki, ɗaure da zare. Ba ta karatun boko, amma ba ta taɓa yar da takarda mai hatimi ba. Sakatariya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga biya da dama da ba a shigar ba lokacin haɗe bankunan.

"Hajiya, ni ba ni da ikon yafe ko kwabo," in ji wakilin.

"To ɗana, kai wa mai ikon," in ji Inna.

A nan muka gane kamfanin kamasho yake samu daga abin da ya karɓo, saboda haka shi ma ya fi son a daidaita da a yi shekaru a kotu. Muka rubuta tayinmu: za mu biya ragowar uwar kuɗi, a yafe tara da kuɗin ruwa. Banki ya yafe tarar duka, kuɗin ruwa kuwa ya rage kawai. Suka nemi a biya gaba ɗaya, muka tsaya a kan kashi huɗu.

Abu biyu muka ƙi sassautawa. Ba mu ba kowa kuɗi a hannu ba, sai ta asusun da bankin ya rubuto. Kuma ba mu biya kashin farko ba sai da yarjejeniyar ta zo a rubuce, da sa hannun bankin, cewa wannan biyan shi ke nan, babu sauran bi.

Da adashe muka haɗa kuɗin. Akwai wadda ta sayar da akuyarta, akwai wadda ta ɗaga sayen kayan ɗakin 'yarta. Bayan kashi na huɗu ma sai da muka yi ta zarya kafin a zaƙulo takardar gidan. Mu biyar muka kai wa Inna bayan la'asar. Ta sa jikarta ta karanta mata sunan da ke kai, sannan ta mayar da ita cikin akwatin ƙarfen, ta ce a kawo mana ruwa.