GIDAN SARAUTAR KANCE DA GONAKIN DUNGU

Jama'a, duk mai son sanin tarihin Dungu, to ya fara da tambayar wa ke ba da gona. Dungu na cikin ƙasar Kance, kusa da Matamaye, a jihar Damagaram, kuma a zamanin kakanni ƙasa a nan tana hannun sarauta ne.

A ƙarni na 19 Kance ta shiga ƙarƙashin daular Damagaram, wadda ta kai ganiyarta a zamanin Sarki Tanimu, mai ganuwar Zinder, wanda ya rasu a 1884. Sarkin Kance na kai gaisuwa Zinder, masu gari kuma na kawo masa tasu.

Ga yadda abin yake a ƙauye a wancan zamani. Baƙo ya iso da iyalinsa, ya faɗi gaban mai gari ya yi gaisuwa, a nuna masa daji ya sare. Kaka ta yi, ya ɗauko damin hatsi ya kai fada. Damina kuma a kira gayya, samari su fito da hauya a nome gandun sarki ana kiɗa. Damin hatsin nan shi ne shaidar cewa gonar tana da ubangida.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, bayan yaƙin Tirmini, amma ba su rushe gidan sarautar Kance ba. Sun mai da Kance kanto, suka ɗora wa sarki karɓar haraji da tara mutane aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Da gyaɗa ta yi daraja har aka kafa masana'antar mai a Matamaye, gona ta zama kuɗi. Gidan ya kuma shiga siyasa, har Sarkin Kance Amadu Isaka ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin Diori Hamani.

A 1974 shugaban ƙasa Seyni Kountché ya ce gona ta mai noma ta ce. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa da takardar shaida, daga baya Dungu ta samu magajin gari na zaɓe. Duk da haka, in rikicin iyaka ya tashi, fada ake fara zuwa sulhu.

'Yan Dungu, ku zauna da dattawanku ku rubuta wanda ya sari kowace gona, tun suna raye.