Amsar Takardunku: Ƙasar da Talaka ke Iya Kiran Ƙuri'a

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau ya aiko yana tambaya: shin da gaske ne akwai ƙasar da talakawa ke iya tilasta wa gwamnati ta yi ƙuri'a a kan sayar da makamai?

To malam, gaskiya ne, ƙasar kuwa ita ce Suwizalan. Tun 1891 tsarin mulkinta ya ba jama'a wannan dama. A yau idan mutum 100,000 suka sa hannu cikin wata 18, dole a kira ƙuri'ar raba gardama. Amma sai shawarar ta sami rinjayen masu ƙuri'a da na jihohi kafin ta zama doka.

Za ka yi mamaki, maganar makaman ta shafe mu. A 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyafara, asiri ya tonu cewa kamfanin Oerlikon-Bührle ya yi amfani da takardun jabu ya kai makamai Nijeriya da Afirka ta Kudu, alhali gwamnati ta hana. Kotu ta hukunta mai kamfanin a 1970, amma bai kwana a kurkuku ba. Tonuwar asirin ta fusata jama'a, suka tara sa hannu. A ƙuri'ar 1972, kashi 49.7 cikin 100 suka goyi bayan hana fitar da makamai. Saura ƙiris! Duk da haka tsoron ƙuri'ar ya sa majalisa ta tsaurara dokar a shekarar.

An sake gwadawa a 1997 da 2009, duka aka sha kaye, domin mutane da yawa na tsoron rufe masana'antu da rasa aiki. A 2019 aka miƙa wata takardar neman hana sayar wa ƙasashen da ke yaƙin basasa. Majalisa ta karɓi yawancin buƙatar a 2021, masu ita suka janye. A 2022 kuma Suwizalan ta hana Jamus miƙa wa Yukiren harsasai ƙirarta, gardama ta dawo sabuwa.

Sai dai fa ka sani, wuƙar nan baki biyu gare ta. A ranar ƙuri'ar 2009 ɗin, ta wannan hanya aka haramta gina sababbin hasumiyoyin masallatai a ƙasar.

Da fatan ka gamsu. A ci gaba da aiko da takardu. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.