Ruwan tabarau mai zuƙowa

Ruwan tabarau mai zuƙowa (suna, namiji): gilashin kyamara da ake iya sauya tsawon fokas ɗinsa, wato ma'aunin milimita da ke nuna faɗin abin da kyamara take kamawa, ta yadda mai ɗaukar hoto zai kusanto da abu ko ya buɗe fage ba tare da ya gusa ba. Wanda ya tashi daga milimita 24 zuwa 70 yakan wadatar da aikin yau da kullum, sai dai a ɓangarensa mai faɗi miƙaƙƙun layukan gini sukan lanƙwasa waje kamar cikin tulu, musamman a gefen hoto. Wannan lahani manhajar gyaran hoto tana daidaita shi, amma hancin da ya kumbura saboda kusantar fuska ba ya gyaruwa sai an ja da baya an zuƙo.