Wanda Ya Taya Bai Biya Ba: Yadda Kasuwar eBay Ta Yi Fama da Masu Taurin Biya

'Yan uwa 'yan kasuwa, babu wanda bai san irin mutumin nan ba: ya taya kaya da ƙarfi, ya kori sauran masu taye, a sallama masa, ranar biya kuma a neme shi a rasa. A kasuwar da aka san juna akwai hanyar kamo shi, don yana da ubangida, yana da dillali, ana kuma sanin ƙofar gidansu. Gwanjon intanet ya fara ne ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ya sa tarihinsa ya cancanci a duba, musamman yanzu da 'ya'yanmu ke ciniki ta waya da mutanen da ba su taɓa gani ba.

A watan Satumba na 1995 wani masanin kwamfuta mai suna Pierre Omidyar ya buɗe shafin gwanjo a San Jose ta jihar Kalifoniya a Amurka, ya sa masa suna AuctionWeb. Sai a 1997 sunan ya koma eBay. Ɗaya daga cikin kayan farko da aka sayar a ciki wata 'yar tocilar nuni ce mai hasken leza, lalatacciya, a kan dala 14.83. A wancan lokaci shafin ba ya taɓa kuɗin ciniki. Idan gwanjo ya rufe, wanda ya ci zai rubuta cek ko takardar kuɗi ta gidan waya ya aika, mai kaya ya jira ta iso, ya kai banki, ya jira ta faɗa, sannan ya aika kaya. Ko mai gaskiya sai ya ɗauki mako biyu. To, ta yaya za ka bambanta wanda wasiƙarsa ta makale a hanya da wanda tun farko bai yi niyyar biya ba?

Ƙorafi ya yi ta zuwa wa Omidyar shi kaɗai, har ya gaji da raba gardama. A watan Fabrairu na 1996 ya buɗe wurin ba da shaida, inda kowa zai rubuta yabo ko suka a kan wanda suka yi ciniki tare. Yabo maki ɗaya ne, suka kuma ta cire ɗaya, wanda makinsa ya gangara huɗu ƙasa da sifiri sai a rufe masa ƙofa. Wannan ita ce bulalar farko da mai sayarwa ya samu. Daga baya aka ƙara masa wasu. Idan mai taye ya yi shiru, mai kaya zai kai ƙara a mayar masa da la'adar da shafin ya riga ya cire, shi kuma mai tayen a rubuta masa gargaɗi, gargaɗi uku a dakatar da shi. Aka kuma ba mai kaya damar tallata wa na biyu a taye, kada kayan su kwanta.

Bulalar nan fa kowa na da ita, kuma a nan matsalar take. Mai saye da ya karɓi kaya marasa kyau yana tsoron ya yi suka a rama masa. Mai sayarwa ya koyi jan ƙafa, ba ya ba da shaida sai ya ga abin da aka rubuta a kansa. Da masu bincike biyu, Paul Resnick da Richard Zeckhauser, suka duba shaidun 1999, sun tarar kusan kashi 99 cikin ɗari yabo ne. Duk wanda ya taɓa zaman kasuwa ya san babu inda mutane suka kai haka kirki. Shiru ake yi don kada a jawo wa kai.

Sai aka gwada sulhu. A 1999 Farfesa Ethan Katsh na Jami'ar Massachusetts ya yi gwajin mako biyu, inda mai shiga tsakani yake sasanta mutane ta imel, kuma ƙasa da rabin rigingimun da aka shiga ne aka warware. Daga 2000 kamfanin SquareTrade ya karɓi aikin. A 2003 eBay ta ɗauki Colin Rule ya gina mata nata zauren sulhu, wanda daga baya ya kai ga sauraren rigima kimanin miliyan 60 a shekara, mafi yawansu kwamfuta ce ke kammala su ba tare da ma'aikaci ya sa baki ba. Abin da ya fi burge ni a aikinsu ƙarami ne. Da can sunan ƙarar yana nuni ne da mutum, wato mai tayen da ya ƙi biya. Sai suka mayar da shi kan kaya, wato kayan da ba a biya ba. Mutumin da mantuwa ce ta hana shi, ko rashin lafiya, ko bai gane kuɗin aike ba, yakan dawo ya biya idan ba a fara da kiransa macuci ba. Dattawan kasuwa da ke aika yaro ya je "gaisuwa" gidan mai bashi kafin a yi maganar kuɗi sun daɗe da sanin wannan.

Babban sauyi kuwa ya zo ne ta hanyar kuɗi. A 2002 eBay ta sayi PayPal a kan dala biliyan 1.5, biya ya koma na nan take, uzurin wasiƙa ta makale ya mutu. Tun daga ranar da kuɗi suka fara bi ta hannun mai kasuwa, hukunci ma ya koma hannunsa, don yana iya riƙe su, yana iya mayar wa mai saye.

A nan ya kamata mu tuna namu tsarin, don a ga bambanci. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabon Ibadan a 1962 da 1963, ya rubuta yadda falke zai kawo shanu daga Arewa ya sauka wurin maigida, dillalan maigidan su sayar wa mahauta Yarabawa bashi na 'yan makonni. Dillali ya san mahaucin da bashi ya yi masa yawa da wanda ake iya amince wa. Idan mahauci ya gaza, maigida ne ke da lamuni, shi zai biya baƙonsa daga aljihunsa. Wato baƙon maigida shi ne mai kaya, kuma shi ake karewa. eBay ta lura cewa masu sayarwa ba za su tafi ba muddin akwai masu saye, amma mai saye da aka ɓata masa rai sau ɗaya ba ya dawowa. Saboda haka lamuninta ya karkata ga mai saye.

An ga haka ƙarara a 2008. A watan Janairu kamfanin ya sanar cewa daga watan Mayu mai sayarwa ba zai ƙara iya sukar mai saye ba, yabo kawai ko shiru, dalili kuwa ramuwar gayya ta yi yawa. Masu sayarwa suka fusata, wasu suka yi yajin mako guda a watan Fabrairu. Bai canza komai ba. A ganina kamfanin ya yi gaskiya kan ramuwar, sai dai ya bar mai kaya ba shi da bakin gaya wa maƙwabcinsa ya yi hattara da wane. Abin da ya rage masa shi ne toshe wanda ya cuce shi, da hana masu yawan gargaɗi taya kayansa. Da yawa suka bar gwanjon ma gaba ɗaya, suka koma ga tsayayyen farashi, wanda shafin ya fara tun 2000, inda ake iya sharɗanta cewa kaya ba su zama naka ba sai ka biya.

A 2014 PayPal ta tsawaita lokacin da mai saye zai iya ta da rigima daga kwana 45 zuwa 180. A 2015 kamfanonin biyu suka rabu, eBay ta fara karɓar kuɗi da kanta daga 2018. A 2021 aka soke tsohuwar ƙarar kayan da ba a biya ba. Yau idan wanda ya ci gwanjo ya yi kwana huɗu bai biya ba, mai kaya zai soke cinikin, ya sake fitar da kayansa, a rubuta wa mai tayen laifin a asusunsa. Shi kuwa mai saye da ya biya ta PayPal, a tsarin 2014 ya kasance yana iya cewa ba abin da ya saya ka aiko masa ba har kusan wata shida bayan ya biya.