Doka Biyu a Zaure Ɗaya: Sauya Ƙa'ida da Amanar Mambobi a Zaurukan Intanet

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke samun amanar mambobi idan masu riƙe da zaurukan intanet suka sauya ƙa'ida. Ta ɗauki rikicin Stack Exchange da na Reddit, duka a 2023, a matsayin manyan misalai, ta gwama su da ƙuri'ar Facebook ta 2012 da abin da ya faru a Wikipedia, sannan ta auna su da binciken Tom Tyler da Elinor Ostrom da wasu nazarce-nazarce da aka yi a kan Reddit. Matsayarta ita ce mambobi kan jure doka mai tsanani, amma amanarsu kan karye idan aka ɓoye musu dalili, ko aka sanar da su a ƙurarren lokaci, ko aka ba masu zartar da hukunci rubutu daban da wanda aka nuna wa jama'a.

Umarnin da ba a yarda a faɗa ba

Stack Overflow zaure ne na tambaya da amsa da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a 2008 domin masu rubuta manhajar kwamfuta, daga baya ya haifi zauruka fiye da 170 a ƙarƙashin sunan Stack Exchange. Masu kula da waɗannan zauruka 'yan sa-kai ne, mambobi ne ke zaɓar mafi yawansu, kuma ba a biyan su ko sisi. A watan Disamba na 2022, kwanaki kaɗan bayan fitowar ChatGPT, suka hana ɗora amsoshin da na'urar ta rubuta a Stack Overflow, domin amsoshin na da kyan gani a ido amma cike suke da kurakurai. Kamfanin da ya mallaki zaurukan bai musa ba a lokacin.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, sai kamfanin ya aika wa masu kula wani umarni a keɓe, wanda kusan ya ɗaure musu hannu daga hukunta kowa bisa zargin amfani da ƙirƙirarriyar basira, aka kuma ce kada su fitar da shi. Kashegari aka wallafa wa jama'a sanarwa mai sassauci, wadda ta fi mayar da hankali kan cewa manhajojin gano rubutun na'ura suna yawan zargin marasa laifi. Wannan damuwa ta kamfanin ba wasa ba ce. Dakatar da wanda ya zauna ya rubuta amsa da hannunsa zalunci ne. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. An bar mai kula a tsakiya: mambobi na kai masa rahoton amsar da kowa ya ga ta na'ura ce, shi kuma ba shi da ikon taɓa ta, ba shi da izinin faɗin abin da ya hana shi. Tamkar ɗan kasuwa ne aka miƙa wa mudu biyu, ɗaya na nuna wa mai saye, ɗaya na awo, aka ce ya yi shiru.

Ranar 5 ga Yuni masu kula suka shiga yajin aiki. Fiye da mutum 1,000 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙarsu, masu sa-kai suka kashe manhajar SmokeDetector da ke tare tallan banza, rahotanni suka taru babu mai dubawa. Ana cikin haka aka gano cewa tun watan Maris kamfanin ya dakatar da sakin tarin bayanan zauren da ya saba bai wa kowa kyauta, ba tare da ya ce uffan ba. Ga kuma tsohon miki: a watan Satumba na 2019 an tsige wata mai kula, Monica Cellio, saboda saɓani a kan wani gyaran ƙa'idar ɗa'a da ba a ma wallafa shi ba sai a watan Oktoba, abin da ya sa masu kula da dama suka ajiye muƙamansu.

Abin lura shi ne yadda yajin ya ƙare. An yi kusan wata biyu ana tattaunawa da wakilan da masu yajin suka zaɓa. A ƙarshen Yuli aka fito da ɓoyayyen umarnin fili, a farkon Agusta aka sanar da yarjejeniya. Babban abin da masu kula suka samu bai tsaya kan na'ura ba: kamfanin ya amince cewa duk dokar da za ta ɗaure su wajen hukunta mambobi dole ta kasance a fili, kuma za a riƙa nuna musu sabuwar doka su tofa albarkacin bakinsu kafin ta fara aiki.

Me ya sa mutane ke bin doka?

Masana sun daɗe da wannan tambaya tun kafin intanet ta shiga gidaje. Tom Tyler ya yi wa mazauna Chicago tambayoyi a shekarun 1980 game da mu'amalarsu da 'yan sanda da kotuna, ya wallafa sakamakon a 1990. Ya gano cewa mutum kan karɓi hukuncin da bai yi masa daɗi ba matuƙar an saurare shi, an yi masa bayani, an girmama shi, kuma ya ga ma'auni ɗaya aka yi wa kowa. A wannan shekarar Elinor Ostrom, wadda daga baya ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta wallafa nazarinta a kan al'ummomin da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna raba ruwan noman rani da makiyaya da dazuzzuka ba tare da sun cinye su ba. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan da ta tarar sun yi tarayya a kai shi ne, waɗanda doka za ta hau kansu suna da hannu wajen gyara ta.

An gwada irin wannan tunani a intanet. Shagun Jhaver da Amy Bruckman da Eric Gilbert sun bi diddigin rubuce-rubuce kusan miliyan 32 a Reddit, suka wallafa a 2019 cewa wanda aka cire masa rubutu aka kuma gaya masa dalili, ba kasafai yake sake yin abin da za a cire ba, idan aka kwatanta shi da wanda aka share wa rubutu shiru. J. Nathan Matias kuwa gwaji ya yi a zauren kimiyya na Reddit: an riƙa liƙa ƙa'idoji a saman wasu tattaunawa, aka bar wasu haka nan. Inda aka liƙa, bin doka tsakanin sababbin shiga ya ƙaru da kimanin ɗigo 8 cikin ɗari, yawan sababbin da suka yi magana kuma ya ƙaru da kashi 70. Wannan sakamako na biyu ya cancanci a tsaya a kansa, domin yawancin masu kula na tsoron kada jera dokoki ya kori baƙo. Abin da aka gani shi ne baƙon ya fi sakin jiki idan ya san inda iyaka take.

Reddit: kwana talatin

A ranar 18 ga Afrilu, 2023, Reddit ya sanar da cewa zai fara karɓar kuɗi a kan ƙofar da manhajojin waje ke bi su ɗebo bayanansa, wadda ake kira API. Hujjarsa mai ƙarfi ce: manyan kamfanoni na kwasar hirarrakin mutane kyauta suna horar da na'urorinsu. Amma sanarwar ba ta faɗi farashi ba. Sai a ranar 31 ga Mayu Christian Selig, mai manhajar Apollo da mutane da yawa ke shiga Reddit da ita a iPhone, ya bayyana abin da aka yanka masa: dala 12,000 a kan kowace buƙata miliyan 50, wato kimanin dala miliyan 20 a shekara, kuma daga 1 ga Yuli. Ya ce a watan Janairu ma'aikatan kamfanin sun shaida masa babu shirin taɓa wannan ƙofa a shekarar. Ya rufe Apollo ranar 30 ga Yuni.

Masu kula da zauruka sun dogara da irin waɗannan manhajoji wajen aikinsu, haka ma makafi da yawa, domin a lokacin manhajar kamfanin ba ta tafiya da kyau da na'urar karanta allo. Ranar 12 ga Yuni zauruka fiye da 7,000 suka rufe ƙofa. Shugaban kamfanin, Steve Huffman, ya rubuta wa ma'aikatansa cewa hayaniyar za ta wuce, takardar ta fita ta shiga hannun 'yan jarida, sannan a wata hira ya kwatanta masu kula da masu mulkin gado. Wani binciken jami'ar Northwestern ya ƙiyasta a 2022 cewa aikin da waɗannan mutane ke yi kyauta ya kai aƙalla dala miliyan 3.4 a shekara. Da aka yi musu barazanar tsigewa, yawancinsu suka buɗe. Wasu suka buɗe cikin bore, kamar zauren hotuna da ya koma ba ya karɓar hoton kowa sai na ɗan barkwancin nan John Oliver.

Dole mai bincike ya faɗi gaskiya a nan: kamfanin ne ya yi nasara. An sassauta wa manhajojin masu buƙata ta musamman da ba na kasuwanci ba, amma farashi bai motsa ba. A watan Fabrairu na 2024 aka ruwaito cewa Google zai riƙa biyan Reddit kimanin dala miliyan 60 a shekara don bayanansa, a watan Maris kuma kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York. Wanda ke auna amana da yawan masu shigowa zai ce babu abin da ya faru. Wannan maƙala na ganin ma'aunin bai dace ba. Albert Hirschman ya nuna tun 1970 cewa wanda aka ɓata wa rai ko dai ya fice ko ya ɗaga murya, kuma inda ficewa ke da tsada mutane kan zauna ba don sun gamsu ba. Wanda ya shafe shekara goma yana gina zaure, abokansa da tarihin rubutunsa duk suna ciki, ina zai nufa? Zamansa ba shaida ba ce cewa zai sake yarda da alƙawari irin wanda aka yi wa Selig a watan Janairu.

Ƙuri'a kaɗai ba ta isa ba

Ana iya zaton maganin shi ne a ba kowa ƙuri'a. Facebook ya gwada. Bayan ƙorafin da ya biyo wani sauyin sharuɗɗa a 2009, ya ce mambobi za su riƙa jefa ƙuri'a, amma sakamakon ba zai ɗaure shi ba sai kashi 30 cikin ɗari na dukkan masu amfani da shi sun fito. A watan Disamba na 2012 hakan na nufin mutum miliyan 300. Kimanin 668,000 suka jefa, kusan kashi 88 suka ƙi sauyin, aka zartar da shi duk da haka, kuma cikin abin da aka zartar har da soke ƙuri'ar kanta.

Wikipedia ta bi wata hanya, bayan ta sha nata rikicin. A watan Yuni na 2019 Gidauniyar Wikimedia ta dakatar da wani admin na sashen Ingilishi mai laƙabin Fram har shekara guda, ba bayani, ba damar ɗaukaka ƙara. Admin fiye da 20 suka ajiye aiki. Gidauniyar ta ce tana kare waɗanda suka kai ƙorafin cin zarafi ne, kuma wannan iyaka ce ta gaske ga kiran a baje komai a faifai: sunan mai ƙorafi amana ce, tona shi cutarwa ne. Sai dai ɓoye sunan mai ƙara daban, ɓoye dokar da aka yi hukunci da ita daban. A ƙarshe aka miƙa maganar ga kwamitin sasanci da editoci ke zaɓa, ya duba hujjojin a asirce, ya ɗage dakatarwar. Da aka zo tsara yadda za a aiwatar da kundin ɗa'a na bai ɗaya, wanda ya hau kan dukkan harsuna har da Wikipedia ta Hausa, an yi shawara a fili, aka yi ƙuri'a a watan Maris na 2022. Masu goyon baya sun yi rinjaye amma ba su kai kashi 60 ba. Maimakon a ce rinjaye rinjaye ne, sai aka karanta ƙorafin masu ƙi, aka gyara rubutun, aka sake ƙuri'a a watan Janairu na 2023, goyon baya ya kai kashi 76. An ci lokaci sosai, wasu editoci ma har yau ba su gamsu ba, amma ba wanda zai ce bai ga rubutun ba.

Ƙananan zauruka

Admin ɗin zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ko na 'yan unguwa a Kano ko Maraɗi ba shi da hannun jari, amma ikon da manhaja ta ba shi ya fi na kowane shugaban ƙungiya a zahiri. Yana iya rufe bakin kowa da taɓa allo sau ɗaya, yana iya fitar da mutum ba tare da zama ba, kuma tun 2022 yana iya goge saƙon kowane mamba a zauren da zai iya ɗaukar mutum 1,024. Nathan Schneider na jami'ar Colorado ya yi nuni da cewa kusan duk manhajojin nan haka aka ƙera su: wanda ya buɗe zaure shi ne mai wuƙa da nama, babu zaɓe, babu wa'adi. Idan aka wayi gari an hana zancen siyasa ana dab da zaɓe, ko an ƙara kuɗin gudummawa, tambayoyin da za su taso su ne na Stack Exchange da Reddit: su wa suka zauna, yaushe aka yanke, kuma dokar ta hau kan abokan admin kamar yadda ta hau kan saura? WhatsApp dai ya bar wata 'yar alama, domin saƙon da admin ya goge yakan nuna sunan wanda ya goge shi. Rubuta dalilin kuwa, da ba mutane kwanaki kafin sabuwar doka ta fara aiki, manhaja ta bar wa admin da lamirinsa.

A can Reddit kuwa, makamin da masu kula suka yi bore da shi, wato rufe zaure, shi ma an karɓe. A ƙarshen Satumba na 2024 kamfanin ya sanar da cewa daga ranar babu mai mayar da zaurensa na sirri sai ya aika buƙata ma'aikata sun amince.